Minti Biyu a Ƙofar Gwaggo

Livigno, 14 ga Mayu, 2001

Zuwa ga Gwaggona Nives,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da kajinki da keken ɗinkinki. Yaya gwiwar nan? Na san za ki ce ta warke, ni kuma na san ba ta warke ba, don haka mu bar maganar. Sau uku ina buga waya shagon gahawar Bepi a kira mini ke, sau uku yana dawowa yana haki ya ce kin ce mai magana ya rubuta. To, ga shi na rubuta.

Albishirinki! Jiya aka kawo mana taswirar Tseren Keke na Kwana Takwas na bana. Muna cikin cin taliyar nan tamu marar mai marar daɗi, na ɗora yatsa a kan zango na biyar, na bi layin, na bi, sai ga sunan Rivasecca. Gwaggo, ihun da na yi sai da kuku ya leƙo da wuƙa a hannu. Ranar Alhamis biyar ga Yuli za mu tashi daga Feltre, a kilomita ta ashirin da shida mu gangaro ta gaban coci, mu wuce famfon dandali, mu sha kwanar shagon Bepi, sai ƙofarki. Ƙofarki fa, ba ta maƙwabta ba.

Kin fi ni sanin al'ada. In tsere ya bi ta garin wata a cikinmu, kuma da sauran nisa kafin a fara yaƙi, sai ta je wurin mai jar riga, wadda ke jagorantar tseren, ta roƙi izinin gaida gida. In an ba ta, ayari ya sassauta, ta wuce ita kaɗai, ta tsaya a ƙofar gidansu, a rungume ta, a cusa mata ɗan abin taɓawa a aljihu, sannan ta sa ƙafa a ƙasa ta jira ayari ya iso. Babu littafin da aka rubuta wannan a ciki, amma ni dai ban taɓa jin wadda ta karya ba.

Shekara tara ke nan ina wannan sana'a, kuma kin san aikina. In koma baya wurin mota, in cusa gorar ruwa tara a riga har in koma kamar buhun dankali, in ratso mutum ɗari da ashirin in raba wa 'yan ƙungiyarmu, in tare wa gwanarmu Marzia iska har ƙafafuna su mutu, sannan in shigo ta tamanin da wani abu lokacin da masu hoto suka fara naɗe kayansu. Ba kuka nake yi ba, ina son aikina. Amma ko sau ɗaya a rayuwa ina so in shigo gari ni kaɗai a gaba, ɗan sanda a kan babur yana yi mini jiniya kamar wata babba.

Baba da Mama suna Jamus a kan injin askirim har Oktoba, kamar kowace shekara. Ke kika riƙe ni duk watannin da ba sa nan, ke kika riƙe mini sirdin keke a bayan coci har na daina faɗuwa, amma ko sau ɗaya ba ki taɓa tsayawa a bakin titi kin ga ina tsere ba. Kullum akwai rigar amaryar da ba a gama ba. Wannan karon ba sai kin je ko'ina ba. Taku uku ne daga keken ɗinki zuwa ƙofa, na taɓa ƙirgawa. Minti biyu kacal nake roƙo.

Ki gaida Bepi, ki ba shi haƙuri da zirga-zirgar da na sa shi. Ki huta lafiya.

Ni ce 'yarki,
Tecla

*

Rivasecca, 22 ga Mayu

'Yata Tecla,

Na ga takardarki, na gode. Muna lafiya. Kaji sun koma goma sha ɗaya, dila ya zo gaisuwa ranar Talata. Gwiwa ta warke.

Albishirinki ya zo a makare. Limamin cocinmu, Don Egidio, ya sanar a coci tun Lahadin da ta wuce, da muryar da ban taɓa jin ya karanta Linjila da ita ba. Magajin gari ya sa ana cike ramukan da suke nan tun ranar da aka yi miki baftisma. Bepi ya sayi farar ƙasa bokiti huɗu zai rubuta sunanki a kan kwalta. Garin nan ya haukace, kuma ke ce sanadi, ja'ira.

Amma ni kada ki sa ni a ciki. Ranar Alhamis ɗin ina da aiki, kuma kada ki ce mini rigar amarya ce, labule ne. Ki tsaya a dandali. Mutum ɗari uku za su kasance a wurin, kowa da hannu biyu, runguma har sai kin gaji. Me za ki yi da wata tsohuwa mai allura a baki?

Wannan al'adar da kike yabo, daga nesa take da kyau. Mutum ya rabu da ayari, ya zo shi kaɗai, ido ya yi masa yawa, babu bayan wanda zai ɓuya. Ita kuma ƙofa aba ce da ake iya samu a rufe. Ki ji maganata, ki zauna cikin 'yan'uwanki ki ɗaga mana hannu in kun zo wucewa, ya wadatar.

In kuma kin ƙi ji, don na san irin kanki, to gangaren coci yana da tsakuwa daidai kwanar Bepi, ma'aikatan magajin gari sun zubar sun tafi. Ki kama birki kafin kwanar, ba a cikinta ba. Ki kuma ci abinci, hoton da na gani a jarida duk gwiwa ne da hanci.

Allah ya tsare.

Gwaggonki,
Nives

Af, na manta. Wannan uwar ɗakin taku ta bana, Fosca, ita ma za ta biyo ku a mota ranar?

*

Treviso, 3 ga Yuni

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki jajen kaza. Labule kuma? Gwaggo, ko kunya!

Bari in fara da mai daɗi. Ranar Lahadi Marzia ta ci tseren bakin teku. Iska ta taso daga gefe, ayari ya tsinke gida uku, ni na ja ta kilomita sha ɗaya har na ajiye ta a sahun gaba, daga nan idona ya fara ganin taurari da rana tsaka. Da aka ba ta furanni, ta sauko daga kan dandamali ta neme ni, ta same ni zaune a kan kwalta ina cin ayaba, ta ɗora mini su a cinya. Suna nan cikin bokitin wanke keke, duk ɗakin ƙamshi.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai. Kafin in roƙi mai jar riga, dole sai shugabar ƙungiya ta yarda, don haka na je wurin Fosca. A bayan idonta Hukuma muke ce mata. Mace ce da in ta ce ina kwana sai ki duba ko kin yi laifi. Na same ta a bayan mota tana jera goruna, na zayyana mata komai, har da taku ukun nan. Ba ta ɗago ba, sai ta ce, "Koren gidan nan mai lamba sha huɗu, bayan kwana?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, a ina kika san shi?"

Ta ce, "Na taɓa wucewa." Ta rufe akwatin goruna, ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Ki je. Amma ki tambayi gwaggonki yadda ake tsayawa, don iyakar sanina ba ta iya ba."

Ta shige mota ta bar ni da baki buɗe. Ruwa ba ya tsami banza, Gwaggo. Ke kin tambaye ni ita a ƙasan takarda kamar abin da bai dame ki ba, ita kuma ta san launin gidanmu. Abin da na sani shi ne kin yi tsere kina budurwa, kin ci sau ɗaya, kin rataye keken a rumbun ciyawa, kuma duk sanda na tambaya sai ki aike ni ɗebo ƙwai. Yanzu shekarata ashirin da tara, kuma nan Treviso babu kaji. Ki gaya mini.

Taki har kullum,
Tecla

*

Rivasecca, 11 ga Yuni

Tecla,

Gaisuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zauna ki karanta, sau ɗaya zan faɗa.

Shekara talatin ke nan, ina da ashirin da biyu. A lokacin in mun kai mu arba'in a tsere, to an yi taro. Babu mota, babu kuku. Jirgin ƙasa muke shiga da kekunanmu a kafaɗa, ni da Fosca, mu raba burodi ɗaya da cuku, mu canja kaya a bayan motar wani. Ita ce ta fi kowa ƙarfi, ita kowa ke saurare. Ni kuma ita ce ƙawata, ba ni da wata.

Aka sa tsere daga Feltre zuwa Belluno, ta gaban gidan nan. Babanki yana Jamus. Na gaya wa kakarki tun da saura mako biyu, ba ta ce komai ba, ni kuma da wautata na ɗauka shirun nan amincewa ne. Ranar na je wurin Fosca na roƙa. Ta juya ta daka wa 'yan mata tsawa su sassauta, ta tura ni da hannunta ta ce, "Ki gaida Mama, ki karɓo mini tuffa."

Na gangaro ta gaban coci. Maza sun cika dandali, waɗansu na tafi, waɗansu na fito suna nuna cinyoyina. Ban damu ba, ina ta murmushi kamar sakarya. Na sha kwana, yatsuna a kan birki. Ƙofa a rufe. Tagogi a rufe, har na sama. Kakarki tana ciki, na san tana ciki, hayaƙin tuwon masara yana fita ta rufi. Ta gwammace ta zauna a duhu da rana tsaka da a ce ta ga 'yarta da gajeren wando a gaban gari.

Da na tsaya, da sai in tsaya a gaban katako kowa yana kallo. Yatsuna suka saki birki da kansu. Na taka feda, ina kuka ina takawa, wallahi ban san inda nake ba sai da na ga wani mutum yana kaɗa tuta a Belluno. Su kuwa suna can baya suna tafiyar hawainiya, suna jiran su same ni a ƙofar gida. Minti huɗu na ba su.

Kin san abin da aka ba ni? Dutsen guga na lantarki. Abin da ake ba mata ke nan a lokacin. Na karɓa, babu yarinya ɗaya da ta tafa. Fosca ta zo ta biyu, ta tsaya riƙe da kekenta tana kallona. Na bi ta gabanta na wuce da kwalina a hammata. Me zan ce? In ce uwata tana jin kunyata? Na gwammace a ce mini maciya amana.

Na dawo gida na rataye keke. Ni da kakarki muka zauna shekara goma sha tara a gidan nan, ba ta taɓa ta da maganar ba, ni ma haka. Dutsen gugar yana ƙarƙashin gado cikin kwalinsa. Tela ce ni, kullum cikin guga nake, amma ban taɓa sa shi a wuta ba.

Shi ya sa ba na tsayawa a bakin titi. In na ji ƙarar sarƙoƙin nan ayari ya taho, sai in juya baya. Ina alfahari da ke, 'yar nan, fiye da yadda bakina ya iya faɗa. Amma wadda ta ci amanar ayari ba ta fitowa ta yi masa maraba, balle Fosca tana biye. Ki tsaya a dandali.

Gwaggonki,
Nives

*

Bassano, 21 ga Yuni

Zuwa ga Nives Dal Farra,

Na fara rubuta "Mai girma", sai na tuna na taɓa ganinki kina amai ta tagar jirgin ƙasa, na soke. Ina fata kina lafiya.

Yarinyar ba ta nuna mini takardarki ba, kada ki zarge ta. Amma kwana uku tana hawa keke kamar wadda aka yi wa rasuwa, jiya har ta miƙa wa Marzia gorar da babu ruwa a ciki. Tecla ba ta taɓa yin haka ba. Na gane kin yi magana, kuma na san abin da kika faɗa.

Kin zaci ban san 'yar wa na ɗauka ba? Sunan ma ya isa, balle yadda take karkata kafaɗar hagu in hawa ya yi tsanani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ita ce mafi amana a duk waɗanda na taɓa riƙewa, kuma kada ki gaya mata na faɗa.

Yanzu ki buɗe kunne. Minti biyu bayanki na bi ta ƙofar nan. Ina da ido, Nives. Na ga ƙofa a rufe, na ga tagogi, na ga hayaƙi. Tun kafin mu fita daga garin na san abin da ya faru. Ban bi ki ba don ban ga dama ba, ba don ba zan iya kamo ki ba, kada ki ruɗi kanki. A Belluno na tsaya ina jira ki zo ki ce, "Fosca, ƙofar a rufe take." Shi ke nan abin da nake jira. Da na rufe bakin 'yan matan nan ɗaya bayan ɗaya, da mun koma gida a jirgi ɗaya. Kika wuce ni kamar turken fitila. Na yi fushi, na ce ba zan fara zuwa ba. Shekara ta bi shekara. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naki, kuma daga Bassano zuwa Rivasecca tafiyar awa ɗaya ce. Wannan nawa ne, na ɗauka.

Amma ba don mu na rubuto ba, mu mun riga mun yi asararmu. Yanzu ke ce a bayan ƙofar. Na ba yarinyar izini, kuma ba a dandali za ta tsaya ba, ta gaya mini. In ta samu ƙofar a rufe, ba za ta gudu ba, ta fi mu duka. Za ta sa ƙafa a ƙasa ta tsaya a gaban katako, gari yana kallo, har mu iso. Ki ɗauki agogo ki zauna ki ƙirga minti biyu, ki ji tsawonsu.

Ki huta lafiya.

Fosca Menegat

*

Rivasecca, 27 ga Yuni

Fosca,

Na ga takardarki. Rubutunki bai gyaru ba, har yanzu kamar tonon kaza. Kuma ba ni ce na yi amai ba, ke ce, a kan takalmina. Maganar kamo ni kuwa, minti huɗu ne, ki tambayi mai tuta in yana raye.

Na ƙirga minti biyun. Suna da tsawo.

Ban yi alkawarin komai ba, domin na san hannuna. In ya ji jiniya zai iya kai wa sakata kafin ya yi shawara da ni.

Mutum nawa ne a ayarin naku na yanzu, har da direbobi?

Nives

*

Udine, 9 ga Yuli

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Mama, da fatan Jamusawa suna shan zafi suna shan askirim. An gama tsere jiya, ƙafafuna kamar na aro, amma ba zan iya jira har Oktoba ba. Ka ajiye ludayin nan ka zauna. Asalin labarin na Gwaggo ne, ta ce ita za ta ba ka da bakinta in ka dawo. Abin da za ka riƙe yanzu shi ne, har safiyar Alhamis ban san ko za ta buɗe mini ƙofa ba, don tun tsakiyar Yuni ba ta sake rubuto mini ba.

Mun tashi daga Feltre rana tana ƙwalla. Jar riga tana jikin Aldona 'yar Lituwaniya, wata doguwa da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. A kilomita ta ashirin na lallaɓa kusa da ita, na ce, "Garinmu ne a gaba. A ba ni izinin gaida gida."

Ta dube ni ta gefen tabarau. "Ke ce mai goruna tara?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Je ki. Minti biyu. In kika gudu, zan kamo ki in cinye ki har da keken." Ta ɗaga hannu, na ji ayari ya sassauta a bayana, wata ta tura ni a baya, sai ga ni ni kaɗai.

Baba, ashe haka gaba take! Babu tayar kowa, babu gumin kowa, titi fes kamar an share mini. Ɗan sanda ya kunna jiniya. Tun daga gadar ƙasa sunana yake a kwalta, Bepi bai bar ko taku ɗaya ba. Don Egidio ya sa ana kaɗa ƙararrawa kamar ranar Ista, shi kuma yana bakin coci yana tsalle da doguwar rigarsa. Dandali ya cika, ana kiran sunana, amma ni idona yana kan kwana, don tana matsowa. Na kama birki, na ratsa tsakuwa, na juya, na ɗaga kai.

Babu ƙofa. Ba a rufe ba, ba a buɗe ba, babu ita. Rami ne kawai a bango, ana hango keken ɗinki da kalanda. Na ce ko gobara aka yi. Sannan na gan ta. Koriyar ƙofarmu, mai lamba sha huɗu, tana kwance a kan ganga biyu a bakin titi, mariƙinta a tsaye tsakanin faranti, an cika ta da kek ɗin tuffa an yanka ƙanana, da tulunan ruwan sanyi. Daga baya Bepi ya gaya mini tun ƙarfe bakwai Gwaggo ta je ta fito da shi daga shago da guduma, ta ce, "Zo ka cire ta, ban yarda da kaina ba."

Ita kuwa tana gefe, a kan tsohon kekenta na rumbun ciyawa, an wanke shi an sa masa mai, sanye da wata rigar ulu mai ruwan bula da asu ya yi wa huji uku, ƙafa ɗaya a feda, ɗaya a ƙasa. Na tsaya a gabanta. Ka san me 'yar'uwarka ta fara ce mini?

"A cikin kwanar kika kama birki."

Na ce, "Kafin kwanar na kama, Gwaggo!"

Ta ce, "Ina da ido dai." Sai ta jawo ni, kekunanmu suka sarƙe, muka yi ta kuka muna dariya, tana dukan bayana tana cewa duk ƙashi ne. Ban san minti biyu suna da gajarta haka ba.

Muka ji ƙarar sarƙoƙi. Na ji jikinta ya sandare, na riƙe hannunta. Ayari ya sha kwana, Aldona a gaba. A ƙa'ida wucewa za su yi in bi su. Aldona ta dubi teburin, ta dubi ramin bango, ta dubi Gwaggo, sai ta cire ƙafa daga feda. In jar riga ta tsaya, wa zai wuce? Mata ɗari da sha takwas suka tsaya a ƙofar gidanmu, Baba, ana ta miƙo hannu, ana cusa kek a baki da aljihu. Alƙalin tsere ya yi ta danna ham yana ihu ta saman mota, Bepi ya miƙa masa yanka biyu, ya yi shiru. Na kuma ga haƙoran Aldona, suna nan lafiya.

Sai motarmu ta tsaya. Hukuma ta fito, ta ratso kekuna, ta tsaya a gaban Gwaggo, hannu a ƙugu. Na ce yau za a yi ta. Suka dubi juna, suka dubi juna. Gwaggo ta ce, "Fosca, ƙofar a rufe take."

Fosca ta ce, "Na gani." Ta juya ta dubi teburin. "Yanzu kam ta buɗu har ta wuce gona da iri."

Gwaggo ta ce, "Ga ni na tsaya, ƙafata a ƙasa. Ku ne kuka daɗe." Ta ɗauki tuffa ɗaya jajir ta sa mata a hannu. "Ga saƙonki." Sannan ta sunkuya ƙarƙashin ƙofar ta jawo wani tsohon kwali. "Wannan kuma naki ne."

Fosca ta buɗe, ta ɗago dutsen guga sabo fil, igiyarsa a naɗe. Ta ce, "Nives, a kan wannan?"

"A kan wannan."

Ban taɓa jin dariyar Hukuma ba sai ranar. Suka dafa ƙofar suna ƙyaƙyatawa, hawaye yana zuba, har faranti biyu suka faɗi. Sai da makaniki ya ja Fosca da ƙarfi ta koma mota, tuffa a baki, dutsen guga a hammata.

Da muka tashi, Gwaggo ta taka feda ta biyo mu. Aldona ta matsa mata wuri a sahun gaba, Gwaggo ta ja ayarin duka har gadar sama, da gwiwar nan da ta warke. A nan ta tsaya tana ɗaga hannu. Bayan kilomita goma aka fara yaƙi na gaske, na koma ga gorunana. Marzia ta zo ta biyu, ni ta casa'in da ɗaya, da kek a aljihu ya zama kunu. Ban taɓa jin daɗin rana a kan keke kamar wannan ba.

Ka sumbaci Mama. In kun dawo ku taho da bargo mai kauri, za ka gane dalili.

'Yarka,
Tecla

*

Rivasecca, 16 ga Yuli

Ƙawata Fosca,

Gaisuwa. Na ga katinki. In dutsen guga ya ƙone miki riga, ba laifinsa ba ne, shekara talatin yana jiran aiki, kuma dama ke ba ki taɓa iya guga ba.

Ranar Lahadi Tecla za ta zo, zan tuƙa tuwon masara da cuku. Ki taho da keke, ba mota ba. Akwai maganar minti huɗu da ba mu gama ba, kuma hanyar Belluno tana nan inda muka bar ta.

Bepi ya zo sau biyu da gudumarsa, na ce ya dawo in sanyi ya shigo. Ƙudaje sun dame ni, kaji suna shigowa har kan keken ɗinki, amma ina jin daɗin iskar.

In kin iso ki shigo kawai, babu abin da za ki ƙwanƙwasa.

Taki,
Nives